WAYAR HANNU DA AIKIN AGAJI: KUƊI NA SHIGOWA, TO INA AMANAR?

Ya kai ɗan uwa mai karatu, ina roƙon ka ba ni aron hankalinka na ɗan lokaci a kan wani al'amari da ya shigo mana gida ba tare da sallama ba, har ya zauna ya miƙe ƙafa, amma har yanzu ba mu zauna mun tattauna yadda za mu yi da shi ba. Wannan al'amari kuwa shi ne tara wa ƙungiyoyin agaji gudunmawa ta hanyar kafafen sada zumunta, wato su Facebook da WhatsApp da TikTok da makamantansu.

Da wuya a yau ka buɗe wayarka ba ka ci karo da hoton majinyaci kwance a gadon asibiti ba, ko marayu a jere, ko masallacin da iska ta yaye wa rufi, a ƙasa an rubuta lambar asusu ana cewa a taimaka saboda Allah. Wataƙila ma kafin ka isa gida daga wannan masallaci na Juma'a irin wannan saƙo ya shigo maka biyu ko uku. Wasu daga ciki gaskiya ne tsantsa, wasu damfara ce tsagwaronta, wasu kuwa gaskiya ce amma an bi da ita ta hanyar da Allah bai yarda da ita ba. Ra'ayina a taƙaice shi ne, waya tana iya tara jama'a da kuɗi cikin sa'o'i kaɗan, amma ba ta iya samar da amana. Duk ƙungiyar da ta shiga wannan fage ba tare da ta ɗaure amanarta tam ba, to za ta kashe kanta, kuma ta ja wa sauran masu aikin gaskiya.

TSAKANIN 1994 DA 2024

Bari mu soma da Maiduguri, domin gani ya kori ji. A watan Satumba na 1994 madatsar ruwa ta Alau, wadda ke kan kogin Ngadda, ta yi ambaliya ruwa ya shiga gari. A wancan lokaci babu wayar hannu a hannun jama'a, domin sai a 2001 aka fara ta GSM a ƙasar nan. Wanda ke Kano ko Sakkwato sai dai ya kasa kunne ga rediyo, Kaduna ko BBC ko Jamus. Idan yana da ɗan uwa a Gwange sai ya jira wasiƙa ko direban da ya fito daga can. Wanda ya so ya taimaka sai ya ƙulle kuɗinsa ya ba matafiyi, ya bi shi da addu'ar Allah Ya sa su isa.

Shekara 30 bayan haka, a daren Litinin wayewar Talata 10 ga Satumba, 2024, madatsar nan ta sake ɓallewa. Ruwa ya mamaye Fori da Gwange da Kasuwar Monday, ya shiga fadar Shehun Borno da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri, ya rusa katangar gidan yari har fursunoni fiye da 270 suka fice, ya kashe mafi yawan dabbobin gidan zu na Sanda Kyarimi, har aka gargaɗi mutane su yi hattara da kadoji da macizai. Mutum kimanin 400,000 suka rasa matsuguni, gwamnan jihar, Babagana Zulum, kuma ya ce abin ya shafi mutum kusan miliyan 1. Amma a wannan karon, kafin rana ta take tsaka hotuna da bidiyo sun zaga duniya. Waɗanda ruwa ya rutsa da su a kan rufin gida da saman bene suka riƙa aiko da saƙo suna faɗin inda suke, matasa suna yaɗawa har ya kai ga masu ceto. Yaran da suka rabu da iyayensu aka riƙa cigiyarsu a Facebook da zaurukan WhatsApp. Ƙananan ƙungiyoyi na unguwa da na ɗalibai da na masallatai suka ɗora tukwane suna ciyar da waɗanda suka fake a makarantu da sansanoni, da kuɗin da bayin Allah suka turo daga Legas da Abuja da ƙasashen waje, mutanen da wasunsu ba su taɓa taka Borno ba.

Saboda haka masu cewa babu komai a cikin waɗannan kafafe sai ɓarna da fasadi, ban yarda da su gaba ɗaya ba. Gaskiya ne akwai shara a ciki mai yawan gaske, amma wuƙar da ake yanka ragon Layya da ita, irinta ce ɗan daba ke sokewa a ƙugu. Musulmin kirki idan ya ƙaurace wa wannan fage, ya bar wa maƙaryata ne su ci kasuwarsu babu mai ce musu kanzil.

A nan akwai maganar da ya kamata in faɗa don kada a manta. Gudunmawar da talaka ya tara wa ɗan uwansa talaka ba ta wanke mahukunta daga laifi ba. Gyaran madatsa ba aikin ƙungiyar unguwa ba ne. Sai da aka yi hasarar rayuka da dukiyoyi, sannan a farkon 2025 gwamnatin tarayya ta amince da Naira biliyan 80 don sake gina Alau. Ihu bayan hari ke nan. Wayar da muke tara sadaka da ita, da ita ya kamata mu riƙa tambayar masu mulki ina suka kai haƙƙin jama'a. Sai dai fa wanda zai tambayi gwamnati lissafi, dole ne nasa lissafin ya zama a fili. To a nan ne gizo ke saƙar.

ASUSUN DA SUNAN WA YAKE?

Abu na farko da za ka lura da shi a mafi yawan saƙonnin neman taimako shi ne, lambar asusun da aka sa ta mutum ɗaya ce, da sunansa. Kuɗin marayu suna shiga inda kuɗin cefanensa da na hayarsa suke shiga. Ban ce duk mai yin haka ɓarawo ba ne, a'a, da yawansu mutanen kirki ne waɗanda har daga aljihunsu suke ƙarawa. Amma mu tambayi kanmu tsakani da Allah, idan wannan bawan Allah ya faɗi ya mutu yau da dare, wa zai iya rarrabe wa magada tsakanin dukiyarsa da ta marayu? Idan matarsa ta kwanta rashin lafiya cikin dare, ga kuɗi a asusu, ya ce bari ya ranta ya mayar ƙarshen wata, wa ya gani? Da haka ake farawa. Shaiɗan ba ya zuwa wurin mutumin kirki ya ce masa ya yi sata, sai dai ya ce masa ya ranta.

Ya zo a ingantaccen hadisi cewa Manzon Allah (SAW) ya aiki wani mutum da ake kira Ibnul Lutbiyya karɓo zakka. Da ya dawo sai ya ware wani kaso a kan cewa shi aka yi wa kyautarsa. Manzon Allah (SAW) bai bar maganar ta wuce ba, sai da ya hau mumbari ya yi wa jama'a huɗuba a kai, ya nuna cewa aikin da aka ɗora wa mutumin shi ya jawo masa kyautar, don haka ba tasa ba ce. Ka lura da kyau, an yi wa ma'aikacin zakka lissafi a zamanin da wahayi ke sauka, a cikin mutanen da suka fi mu tsoron Allah nesa ba kusa ba. To mu su wane ne da za mu ce tambayar lissafi cin fuska ce? Aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu take magana. Addinin da ya sa a rubuta bashin da ke tsakanin mutum biyu, ta yaya zai yarda a karɓi kuɗin mutum dubu babu littafi?

Hanyar da doka ta tanada ita ce ƙungiya ta yi rajistar amintattunta a hukumar CAC, ta karɓi takardar sashen SCUML da ke ƙarƙashin EFCC, sannan ta buɗe asusun banki da sunanta, wanda ba a fitar da kuɗi sai mutum biyu ko uku sun sa hannu. Na san akwai 'yan uwa da ke ɗari-ɗari da duk abin da ya shafi rajista da hukuma, kuma suna da hujjarsu, domin dokar kamfanoni ta 2020 ta ba CAC ikon dakatar da amintattun ƙungiya a naɗa masu riƙo, abin da ya jawo ƙorafi mai yawa a lokacin. To ko da ba a yi rajista ba, mafi ƙarancin abin da ya wajaba shi ne a ware asusu wanda ba a shigar da komai cikinsa sai kuɗin wannan aiki, ma'aji da magatakarda da wani dattijo na uku su riƙa ganin abin da ya shiga da abin da ya fita, sannan duk ƙarshen wata a fitar da lissafi a shafin da aka nemi kuɗin. Inda aka yi roƙo, nan ya kamata a kawo risit.

Kuɗin mota da na data da ladan mai tsaron littafi ba haram ba ne. Ma'aikatan zakka suna cikin mutane 8 da aya ta 60 a Suratut Tauba ta ware wa kaso. Abin da ba daidai ba shi ne a ɓoye. Idan cikin kowace Naira 100 ana cire Naira 10 don zirga-zirga, a rubuta haka tun farko, wanda ya ga zai bayar ya bayar a kan sani. Haka kuma a raba kuɗin zakka da na sadaka, domin zakka tana da mutanenta ƙayyadaddu, ba ko'ina ake zuba ta ba.

Akwai kuma matsalar rara, wadda kusan kowa ke yin shiru a kanta. An nemi Naira 800,000 don a yi wa majinyaci aiki, sai aka samu miliyan 1. Ko kuma Allah Ya yi wa majinyacin rasuwa kafin ranar aikin. Ina sauran kuɗin? Ƙungiyar da ke tsoron Allah za ta faɗa tun a saƙon farko inda za ta kai rara idan an samu, ta sa kwanan wata a jikin saƙon, kuma ranar da buƙata ta biya ta fito ta ce jama'a a dakata haka nan. Saƙon da babu kwanan wata a jikinsa ba ya mutuwa. Sai ka ga majinyaci ya shekara biyu a kabari, amma hotonsa yana ta yawo daga zaure zuwa zaure, kuɗi kuma suna ta shiga aljihun wani.

KAI MAI TURAWA, KAI MA SHAIDA NE

Kada ka ce wannan magana ta shugabannin ƙungiya ce kaɗai. Duk wanda ya tura saƙon neman taimako ga 'yan uwansa, ya ara wa saƙon mutuncinsa. Ƙanwarka da ke Jos ta tura kuɗi ne saboda daga gare ka saƙon ya fito, ba ta san mai asusun ba. Aya ta 6 a Suratul Hujurat ta koya mana bin diddigin labari kafin a yi aiki da shi. Hatta kamfanin WhatsApp, wanda ba don Allah yake yi ba, sai da ya taƙaita tura saƙo zuwa wuri 5 a lokaci guda a watan Janairu na 2019, bayan jita-jitar da aka yaɗa ta cikinsa ta jawo kashe-kashen mutane a Indiya.

Kafin ka tura, tambayi kanka: wace ƙungiya ce, kuma a wane gari da wace unguwa take? Sunan da ke kan asusun ya dace da nata? Akwai lambar wayar da idan an kira za a ɗauka? Akwai wani da ka sani wanda ya je ya gani da idonsa? Sun taɓa fitar da lissafin abin da suka karɓa a baya? Idan ba ka samu amsar waɗannan ba, to ka riƙe yatsanka. 'Yan damfara suna ɗauko hoton wani bala'i da ya faru a wata ƙasa shekaru da suka wuce, su liƙa masa sunan garinmu da lambar asusunsu. Wake ɗaya shi ke ɓata gari. Mutumin da aka cuta sau ɗaya, gobe idan maraya na gaskiya ya zo sai ya kau da kai, kuma alhakin wannan maraya yana kan maƙaryacin da duk wanda ya taya shi yaɗawa.

MUTUNCIN MABUƘACI BA NA SAYARWA BA NE

Amana ta biyu ta fi ta kuɗi nauyi a wurina, ita ce ta mutuncin wanda ake taimakawa. Subhanallah! Yau sai ka ga an tsayar da dattijuwa, wadda ta isa ta haifi mai ɗaukar hoton, an ɗora mata kwanon shinkafa a hannu, an haska mata kyamara a fuska, ana umurtar ta da ta ambaci sunan Alhaji wane ta yi godiya. Idan ba ta yi kuka ba sai a ci gaba da yi mata tambayoyi a kan mutuwar mijinta har sai hawaye ya zubo, domin an gane bidiyon da ke da hawaye ya fi samun masu kallo. Ta karɓi kwano ɗaya, wanda zai ƙare cikin kwana uku, amma hotonta zai zauna a intanet har jikokinta su gani. Yarinyar da aka nuna wa duniya tana da shekara 9 cikin tsumma a matsayin marainiya abar tausayi, gobe za ta girma, za ta shiga makaranta, za a zo neman aurenta. Wa ya nemi izininta?

Tarihi ya tabbatar mana cewa Imam Aliyu ɗan Husaini, Zainul Abidin, ya kasance yana goya buhun abinci a bayansa cikin dare yana kai wa gidajen talakawan Madina, su kuwa ba su san mai kawowa ba. Sai bayan rasuwarsa, da abincin ya yanke, masu wanka kuma suka ga tabon dako a bayansa, sannan aka gane shi ne. Ka kwatanta wannan da mai raba taliya leda biyar da masu ɗaukar hoto uku. Suratul Baƙara ta gargaɗe mu a aya ta 264 cewa gori da cutarwa suna ɓata sadaka. Wace cutarwa ce ta wuce a tallata talaucin mutum ga duniya a madadin abincin kwana uku?

Wani zai ce, ai idan ba a nuna hoto ba mutane ba za su yarda ba, kuma ba za su bayar ba. Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya, kuma Alƙur'ani bai hana bayyana sadaka ba, duk da ya nuna ɓoye ta ga mabuƙaci ya fi. Bayyanawa tana zaburar da wasu. Amma abin da ake bayyanawa shi ne aikin. A nuna rijiyar da aka haƙa, a nuna buhunan da aka saya da risit ɗinsu, a nuna takardar biyan kuɗin asibiti bayan an rufe sunan majinyaci, a nuna allunan aji da bencina. Wanda ya ba da kuɗi mai yawa yana son ya tabbatar, a ɗauke shi a kai shi ya gani da idonsa cikin sirri. Idan lalura ta sa sai an nuna majinyaci, a nemi yardarsa ta haƙiƙa, a kuma tabbatar masa cewa ko ya ƙi za a taimake shi, domin yardar mai jin yunwa a gaban buhu ba yarda ba ce. Ƙungiyar da ta saba fitar da lissafi kowane wata ba ta buƙatar hawayen gwauruwa kafin a yarda da ita.

Wani abin kuma shi ne shelanta wuri da lokacin rabo. A ranar 18 ga Disamba, 2024, yara 35 suka mutu a turmutsutsu a Ibadan, a wajen wani taro da aka yi ta shelar za a raba wa yara kuɗi da kyaututtuka. Kwana uku bayan haka mutum 22 suka mutu a Okija ta jihar Anambra, wasu 10 a Abuja, duk a wajen rabon kayan abinci. A wannan zamani na yunwa, shela tana zuwa inda kayanka ba za su kai ba. Ka tanadi na mutum 500, saƙo ya kai wa 50,000. Shafin ƙungiya wurin neman masu bayarwa ne. Masu karɓa kuwa a bi su gida-gida ta hannun limamai da masu unguwanni da matan da suka san sirrin gidaje.

DANGWALA YATSA BA SADAKA BA CE

Sai kuma mu da muke kallo. Da yawanmu idan mun ga saƙon neman taimako sai mu dangwala alamar babban yatsa, mu rubuta Allah Ya kawo ɗauki, mu wuce, zuciyarmu ta natsu kamar mun yi wani abu. Addu'a ibada ce babu shakka, amma wanda Allah Ya hore wa Naira 500 ya tsaya ga addu'a kaɗai, ya yi rowa. A 2013 reshen asusun UNICEF na ƙasar Suwidin sai da ya fitar da talla takanas yana tunatar da mutane cewa alamar yatsa a Facebook ba ta sayen ko allurar rigakafi ɗaya.

Kuma ko da an bayar, hankalin jama'a a waɗannan kafafe kamar ruwan kwari yake, ya zo da ƙarfi ya wuce. A 2014 an yi yayin wani wasa a Amurka, mutane suna kwara wa kansu bokitin ruwan ƙanƙara suna ɗaukar bidiyo, don tara kuɗin binciken wata cutar jijiyoyi da ake kira ALS. Ƙungiyar da ke wannan aiki ta samu dala miliyan 115 cikin 'yan makonni. An sake gwadawa a shekarun da suka biyo baya, amma ba a sake ganin irin wancan ba. Mu ma haka muke. Mun yi ta maganar Maiduguri na wasu makonni, sannan muka koma wani zance. Da ruwa ya ci Mokwa ta jihar Neja a ƙarshen watan Mayu na 2025, inda fiye da mutum 150 suka rasu, sai hankali ya koma can, shi ma na ɗan lokaci. Amma wanda ruwa ya rushe wa gida yana buƙatar bulo da kwano watanni bayan an daina maganarsa, maraya kuma kullum sai ya ci abinci.

Don haka ƙungiyar da ke da hankali za ta yi amfani da lokacin da idon jama'a ke kanta ta nemi masu bayarwa na dindindin, ko da kaɗan ne. Mu yi lissafi mai sauƙi. Idan mutum 500 suka ɗauki alkawarin Naira 200 kowace Juma'a, an samu Naira 100,000 a mako, wato miliyan 5 da dubu 200 a shekara. Da irin wannan kuɗi ake iya yi wa maraya alkawarin makaranta, domin an san za su zo. Ai sananne ne a koyarwar Manzon Allah (SAW) cewa aikin da aka dawwama a kansa, ko da ƙanƙani ne, shi ya fi soyuwa ga Allah.

MU TUNA A GIDAN HAYA MUKE

Abu na ƙarshe, ya 'yan uwa, shi ne waɗannan kafafe ba namu ba ne. Kamfanonin 'yan kasuwa ne, riba suke nema, kuma mahukunta suna iya toshe su duk ranar da suka ga dama. A watan Janairu na 2018 mai kamfanin Facebook, Mark Zuckerberg, ya ba da sanarwar za a rage nuna wa mutane abin da shafukan ƙungiyoyi da kamfanoni suka wallafa. Ma'ana, kana da mabiya dubbai amma kaɗan ne za su ga saƙonka, sai fa idan ka biya kuɗin talla. A watan Yuni na 2021 gwamnatin Nijeriya ta rufe Twitter, ba a buɗe ba sai Janairun 2022. A watan Satumba na 2021 aka katse layukan waya a jihar Zamfara baki ɗaya na tsawon makonni. A ranar 4 ga Oktoba ta wannan shekarar Facebook da WhatsApp da Instagram suka ɗauke a duk duniya na kusan awa 6. Kafin nan, a watan Nuwamba na 2020, Babban Bankin Nijeriya ya samu umurnin kotu ya rufe asusu 20 na waɗanda aka danganta da zanga-zangar EndSARS, ba a sake su ba sai Fabrairun 2021.

Ƙungiyar da duk jama'arta suke cikin shafi ɗaya, ranar da aka rufe shafin ta zama ba ta da kowa. Ya kamata a riƙe littafi na takarda mai ɗauke da sunaye da unguwannin masu taimako, a naɗa wakili a kowace unguwa da kowane masallaci wanda aka san fuskarsa, kuma kada a tara kuɗin mabuƙata a bar su kwance a asusu alhali masu su suna jira. Muna da abin koyi a gida. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu, wadda ta rasu a 1864, ta kafa tsarin 'Yan Taru, inda jajis, wato amintattun mata da ta horar, suke kai karatu ƙauyuka suna jagorantar mata zuwa wurinta. Babu waya babu mota, amma tsarin ya rayu bayan rasuwarta shekaru masu yawa, saboda an gina shi a kan mutanen da aka sani aka kuma yarda da su. Waya ta zo ne ta ƙara wa irin wannan tsari sauri. Idan babu shi a ƙasa, babu abin da za ta ƙara wa.

KIRA GARE MU BAKI ƊAYA

Ya kai ɗan uwa, kada wannan rubutu ya zama maka hujjar rufe hannu. Ban rubuta shi don a daina bayarwa ba, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma raunanan al'ummar nan ba su da kowa sai Allah sai mu. Ka zaɓi ƙungiya ɗaya da ka sani, ka taka ƙafa ka je ofishinta ko zauren da take taruwa, ka nemi ganin littafinta. Idan ka gamsu, ka ɗaura wa kanka wani abu kowane mako ko kowane wata, ka yaɗa saƙonta da sunanka, ka ce na je na gani. Idan Allah Ya ba ka sanin lissafi ko iya rubutu ko sarrafa kwamfuta, ka ba su awa biyu a mako, wannan ma sadaka ce. Idan ka ga sun wallafa fuskar gwauruwa ko maraya, ka kira su a gefe ka yi musu nasiha cikin ladabi su cire.

Ku kuma shugabannin ƙungiyoyi, ku ji tsoron Allah a kan abin da aka damƙa muku. Kada ku yi fushi da mai tambayar lissafi, shi ne masoyinku na gaskiya, domin lissafin da za ku yi masa a nan ya fi sauƙi a kan wanda ke jiran mu gaba ɗaya ranar da babu waya babu shafi, babu mabiya. Allah Ya ba mu ikon riƙe amana, Ya jiƙan waɗanda suka rasu a Maiduguri da Mokwa da sauran wurare, Ya mayar wa waɗanda suka yi hasara da mafi alheri, Ya karɓi ɗan abin da muke bayarwa.